Martani: Kafin a Kira Shi Ɗan Ƙwaya, a Tambayi Inda Ya Yi Rarrafe

Malam, na karanta rubutunka a kan matasan yammacin Zamfara da hankalinsu ke taɓuwa, na sake karantawa, sannan na ajiye shi kwana biyu kafin in ɗauki alƙalami, don kada ɓacin rai ya riga ni magana. Ka ɗora tukunyarka a kan duwatsun murhu uku. Na farko, duk saurayin da aka gani yana surutai shi kaɗai a tashar Anka ko a kasuwar Gummi, ƙwaya da sholisho da lalacewar tarbiyya ne suka kai shi can. Na biyu, masu kiran a riƙa binciken jikin mai taɓin hankali, har suna ambaton cututtukan da ke sa alli ya daskare a cikin ƙwaƙwalwa, ciwon Turawa suke ɗauko mana daga littafi, alhali zazzaɓin cizon sauro da tamowa suna ɗibar 'ya'yanmu kullum. Na uku, maganar gubar dalma ta zama tarihi tun ranar da aka kwashe ƙasar ƙauyuka, likitocin agaji suka naɗe tabarmarsu.

Akwai inda muka yi tarayya, kuma zan fara da shi. Ƙwaya ta yi mana ɓarna. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da su, kuma babu uban da ke zaune tsakanin Bukkuyum da Daki Takwas da zai ce bai san tiramol ba. Gaskiya ne kuma aljihun talaka da na asibitocinmu ba su da zurfi. Inda muka rabu shi ne kuɗin goron da ka yi wa marasa lafiya. A ƙasar da dubban jarirai suka yi rarrafe a kan ƙurar dalma, wanda ya yanke wa mai taɓin hankali hukunci tun bai tambayi tarihin jikinsa ba ya zalunce shi, ko da niyyarsa gyara ce.

Bari in fara da ciwon da ka kira na littafi, domin mai karatu ya san abin da muke ja-in-ja a kansa. Can tsakiyar ƙwaƙwalwa, dama da hagu, akwai wasu curarrun wurare da ke daidaita motsin jiki, suna kuma da hannu a sha'anin himma da yanayin zuciya da tsara tunani. A wasu mutane, sinadarin kalsiyam, wanda mazauninsa ƙashi ne da haƙori, sai ya riƙa taruwa a jikin ƙananan jijiyoyin jinin wannan wuri da na ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya, ya daskare kamar alli. A hoton CT yana fitowa fari tas, kamar yadda ƙashi ke fitowa, na dama daidai da na hagu. Wani likitan Jamus, Theodor Fahr, ya yi bayanin irin wannan a 1930, shi ya sa ake kiran ciwon da sunansa. Akwai nau'in da ake gadonsa. A 2012 wani bincike da masanan ƙasar Sin suka jagoranta ya gano ƙwayar gado ta farko da ke haddasa shi, mai suna SLC20A2, daga baya aka gano wasu, irin su PDGFB da XPR1 da MYORG. Wasu masu ɗauke da shi suna rayuwa har tsufa ba su san suna da shi ba. Wasu kuwa yana bayyanar musu ne bayan sun zama magidanta, galibi daga shekara talatin zuwa hamsin, da rawar hannu, ko sandarewar jiki, ko lauyewar magana, ko farfaɗiya.

Abin da ya sa ciwon ya shigo muhawararmu shi ne, a wasu mutanen ta ƙofar hankali yake fara sallama. Mutum natsattse sai ya koma mai zargin kowa, ko ya shiga baƙin ciki marar dalili, ko ya riƙa jin muryoyi, ko ya daina kula da kansa da iyalinsa, tun hannunsa bai fara rawa ba. Wanda ya gan shi a wannan hali zai rantse hauka ce irin wadda aka saba gani. Bambancin yana fitowa ne wurin magani. Magungunan da aka fi samu a asibitocinmu don kwantar da mai taɓin hankali, irin su haloperidol, suna aiki ne a wannan sashe na ƙwaƙwalwa da allin ya riga ya raunana, don haka masu wannan ciwo sun fi kowa saurin sandarewa da karkacewar wuya da dalalar miyau idan aka ba su. Likitan da ya san abin da ke cikin kan majinyacinsa zai zaɓi wani maganin, ko ya fara da kaɗan. Wanda bai sani ba, idan ya ga jiki ya rikice, yana iya ɗaukar cewa ciwon ne ya tsananta, ya ƙara allura.

Na yarda da kai cewa nau'in gado ba shi da yawa, kuma har yanzu babu maganin da ke narkar da allin. Amma ka tuna wasu daga cikin ƙwayoyin gadon nan, kamar MYORG, ba sa haifar da ciwo sai mutum ya gaje su daga uwa da uba gaba ɗaya, mu kuwa mutanen auren zumunci ne. Gidan da ake yi wa lakabi da gidan masu iska, ana gudun neman 'ya'yansu, sun cancanci a taɓa tambayar ko abin da ke bin su a jini yake, yana da suna, yana da hanyar kulawa. Sannan babban kuskuren rubutunka shi ne ka ɗauka gado ne kaɗai ke sa alli ya taru a ƙwaƙwalwa. Akwai wasu dalilan da ke zaune a tsakar gidanmu.

A bayan maƙogwaro akwai wasu ƙulli huɗu ƙanana, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba, aikinsu daidaita kalsiyam a jini. Idan suka mutu ko aka ji musu rauni, kalsiyam na jini ya faɗi, ƙwaƙwalwa kan tara alli a hankali. Hanyar da aka fi ji musu rauni ita ce tiyatar maƙoƙo, kuma maƙoƙo ba baƙo ba ne a wurin matanmu. Ni ganau ne. Goggota, ƙanwar mahaifina, wadda ke aure a wani ƙauye a ƙasar Gummi, an yi mata aikin maƙoƙo, ta warke, aka yi barka. Bayan 'yan shekaru sai ta fara cewa tana jin kamar kiyashi na bin leɓɓanta da yatsunta. Wani lokaci yatsun su haɗe su ƙage kamar mai shirin yanko lomar tuwo, a yi ta ja sun ƙi buɗewa. Sai kuka da dare, sai mantuwa, sai ta daina cin abincin abokiyar zamanta, ta ce ana zuba mata magani. Ranar da ta faɗi tana jijjiga, gari ya gama yanke hukunci. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu ne, kuma kowa ya san wadda ake nufi. An yi hayaƙi, an sha rubutu, an sayar da awaki. Da aka kai ta wani asibiti aka yi mata allurar kwantar da hankali, ta dawo gida a sandare kamar itace.

Wanda Allah Ya sa ya zama sanadin sauƙinta wani matashin likita ne a wani asibitin daban, wanda ya ce ta ɗaga mayafinta, ya ga tabon aiki a wuyanta. Ya ɗaura mata abin awon jini a dantse, ya hura, ya bar shi 'yan mintoci, hannun ya ƙage a gaban idonmu. Gwajin jini ya nuna kalsiyam ya yi ƙasa ƙwarai. Hoton kai ya nuna fararen tabo biyu, dama da hagu. Aka ɗora ta a kan ƙwayar kalsiyam da wani nau'in bitamin D, aka janye allurar. Jijjiga ta tsaya, tsoro ya lafa, ta koma girkinta. Mantuwar ba ta tafi duka ba, domin allin da ya daskare ya daskare. Shekarun da aka ɓata ba su dawo ba, kuma baiwar Allah da aka yi wa ƙazafin sammu ta bar gidan tun kafin gaskiya ta fito. Malam, wannan ne ciwon da ka ce sai a Turai. Kuɗin gwajin da ya tona shi bai kai kuɗin akuya ɗaya daga cikin waɗanda aka sayar ba.

Yanzu mu zo kan dalma, wadda ka ce ta zama tarihi. A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, waɗanda ke yawon sa ido a kan sanƙarau, suka ci karo da mace-macen ƙananan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro ya yi amai, ya yi jijjiga, ya cika. Maganin zazzaɓi bai yi ba, na sanƙarau bai yi ba. Daga baya aka gane cewa dutsen zinarin da ake haƙowa cike yake da dalma, ana kuma kawo shi cikin gida, a farfasa, a daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. Binciken da masanan hukumar CDC ta Amurka suka yi tare da jami'an Najeriya a ƙauyuka biyu ya samu cewa, cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu, kuma mafi yawansu sun yi jijjiga kafin rasuwa. Cikin rayayyun da aka gwada, kashi 97 cikin 100 suna da dalmar da ta kai ko ta haura maikurogiram 45 a kowace desilita ta jini, matakin da ake fara ba da maganin zuƙe guba. Mafi yawansu ma sun wuce 65, iyakar abin da na'urar tafi-da-gidanka ke iya karantawa. A jimilla an ƙiyasta mutuwar yara aƙalla 400. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a Dareta da 'Yargalma da Abare da Tungar Guru da Tungar Daji da Sunke da Duza tsakanin 2010 da 2011. Bagega kuwa sai da ta jira har 2013, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun yi ta kururuwa kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin. Kafin MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha a 2022, ta gwada yara fiye da 8,000, ta ba fiye da 3,500 maganin zuƙe dalma.

Mun ƙidaya waɗanda suka rasu, Allah Ya sa masu ceton iyayensu ne. Rubutunka ya manta da dubban da suka rayu. Dalma mayaudariya ce, jiki yana ɗaukarta a matsayin kalsiyam, ya buɗe mata ƙofofin da yake buɗe wa kalsiyam, har cikin ƙwaƙwalwar jaririn da ake kan ginawa. Maganin zuƙe guba yana rage ta a jini, ya ceci rai, amma ba ya sake gina abin da ya rushe. Kuma a littattafan likitanci, dalma na cikin jerin gubobin da aka san suna bar wa ƙwaƙwalwa alli. Akwai ƙasar da ta riga mu shiga wannan hali. A jihar Queensland ta Ostireliya, tun wajen 1890 likitocin birnin Brisbane suka fara ganin yara da gubar dalma, a 1904 likita Lockhart Gibson ya gano cewa fentin barandar gidaje ne yaran ke shafowa su kai baki. Shekaru da yawa bayan haka jihar ta yi ta binne matasa da magidanta saboda ciwon ƙoda, a 1977 kuma masu binciken gawa a can suka ba da rahoton alli a ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya ta mutanen da ƙashinsu ke ɗauke da dalma mai yawa. Gubar da aka lasa a ƙuruciya ta bar shaidarta a cikin kai har kabari.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Ba na cewa kowane ɗan Bagega yana yawo da alli a kansa. Yawancin ɓarnar dalma ma ba ta fitowa a hoton CT, a ɗabi'a da karatu take fitowa. A 1943 likitan yara Randolph Byers da abokiyar aikinsa Elizabeth Lord suka bibiyi yara 20 a Boston waɗanda aka sallama daga asibiti a matsayin sun warke daga gubar dalma. Suka tarar 19 daga cikinsu ba sa gane karatu yadda ya kamata, wasu ga saurin fushi da kai duka da rashin zama wuri ɗaya. A garin Dunedin na ƙasar New Zealand an bibiyi yaran da aka haifa a 1972 da 1973 har suka kai shekara 38, aka ga waɗanda jininsu ya fi dalma a ƙuruciya sun fi raunin fahimta da yawan alamomin damuwar ƙwaƙwalwa, alhali matsakaicin dalmar jininsu wajen 11 ne kawai. A Cincinnati ta Amurka, hotunan ƙwaƙwalwar matasan da aka bibiya tun suna ciki sun nuna a 2008 cewa sashen goshi, wanda ke riƙe linzamin zuciya, ya fi ƙanƙancewa a waɗanda suka fi shan dalma. Can ana maganar 11 da makamancinsa. Namu yaran sun haura 45, sun haura 65. Waɗanda aka haifa tsakanin 2005 da 2010 a waɗannan ƙauyuka su ne samari da 'yan matan yau, kuma su ne sa'o'in waɗanda ka gani a tasha.

To ƙwayar fa? Ruwa ba ya tsami banza. Ka ɗauki yaron da aka kora daga makarantar allo da ta boko saboda ba ya riƙe karatu, wanda ya girma ana ce masa daƙiƙi, ana dukansa a kan abin da ba shi da iko a kai, wanda ke yin abu kafin ya yi tunani domin linzamin da ke goshinsa ya samu rauni tun yana goye. Ka ɗora masa abin da wannan yanki ya gani, na kwana a daji da gudun hijira zuwa cikin garin Anka da irin hare-haren watan Janairun 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Sannan ka kai shi ramin zinari, inda ake haɗiyar tiramol don a jure wuni ana sara dutse. Idan aka tsince shi yana surutai, ƙwayar da ke aljihunsa gaskiya ce, amma ita ce ta ƙarshen zuwa. Wanda ya tsaya a kanta ya kama reshe ya bar tushe. Akwai kuma wanda bai taɓa kai ƙwaya bakinsa ba, irin goggota, amma da zarar an yarda da ƙa'idarka, shi ma sai a jefa shi cikin kwando ɗaya, iyayensa su ɓoye shi don kunya maimakon su kai shi asibiti.

Hujjarka mafi ƙarfi ita ce ta kuɗi, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya. Babu mai hankalin da zai ce a ɗebi duk masu taɓin hankali a kai su ɗaukar hoton kai a Sakkwato. Bincike tsani ne, kuma matakansa na ƙasa ba sa cin kwabo. Ma'aikacin lafiya ya tambaya: a wane ƙauye aka haife shi? An taɓa daka dutse a gidansu? Ya taɓa jijjiga yana yaro, ko an ba shi maganin dalma? An taɓa yi mata aiki a wuya? Akwai wani a dangi mai rawar jiki ko irin wannan lalura? Ciwon ya fara ne bayan shekara arba'in ga mutumin da bai taɓa yi ba? Sannan ya kalli tafiyar majinyacin da hannunsa da maganarsa, ya ɗaura masa abin awon jini. Mataki na gaba gwajin kalsiyam ne, wanda ba ya cikin gwaje-gwaje masu tsada, sai gwajin dalma, wanda aka yi wa dubban yara a wannan yanki da na'urar da ake ɗauka a hannu. Sai wanda waɗannan matakai suka nuna, mai taɓin hankali haɗe da jijjiga ko rawar jiki ko sandarewa daga ɗan magani kaɗan, shi za a tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200. Wannan ƙaranci shi ne dalilin da ya sa dole ma'aikacin shan-magani na ƙauye ya iya waɗannan tambayoyi, domin shi ne kaɗai wanda yawancin marasa lafiyarmu za su taɓa gani. Kuma ka lissafa abin da rashin binciken ke ci: dabbobin da ake sayarwa, gonar da ake jinginarwa, shekarun shan maganin da bai dace ba.

Game da cewa zancen dalma ya ƙare, tsugune ba ta ƙare ba. Dalma tana raguwa da rabi a jini cikin kamar wata guda, amma wadda ta shige ƙashi tana kwance shekaru masu yawa. Lokacin da mace ta ɗauki ciki ko take shayarwa, jikinta yana ciro kalsiyam daga ƙashinta don gina na ɗanta, dalmar da ke ɓoye ta biyo shi, ta ratsa mahaifa ta isa ga ɗan tayi. Yarinyar da aka goya zuwa asibitin Anka a 2010 tana jijjiga, yau amarya ce ko mai goyo. Ko da an share gidansu tas, tana iya shayar da ɗanta gubar da ta lasa tana rarrafe. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2021, ta ce a ɗauki mataki da zarar dalma ta kai maikurogiram 5 a kowace desilita ta jini, ta kuma ba da shawarar a ƙara wa mai cikin da ke wannan hali kalsiyam. Wannan aiki ne na ɗakin awon ciki, mai sauƙi, amma ba zai yiwu ba idan masu faɗa a ji suna rubuta cewa magana ta wuce. Ban da haka, dutsen yana nan. A 2015 irin wannan guba ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019, ta ɗage hanin a Disambar 2024, kuma kowa a nan ya san talauci bai taɓa barin ramukan sun huta ba. Duk buhun dutsen da ya sake shiga cikin gida yana mayar da aikin da aka yi baya.

Ka rufe rubutunka da kiran a ƙara tsanani, a kai kangararru inda za a ladabtar da su. Malam, mun ga ƙarshen wannan hanya. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Mari ba ya ɗaga kalsiyam a jini, bulala ba ta fitar da dalma daga ƙashi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, aka bayyana a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ba mai wannan lalura haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Tun kafin ita, shari'armu ta ɗauke wa wanda hankalinsa ya gushe nauyi, ta ɗora wa masu hankali nauyin kula da shi, ta kuma umarce mu da neman magani. Ba na faɗa da addu'a, goggota ma ba a daina yi mata ba har ta samu sauƙi. Roƙona ga malamanmu masu ruƙiyya shi ne, idan aka kawo muku wanda ke jijjiga, ko hannunsa na ƙagewa, ko yana da tabo a wuya, ko ya fito daga ƙauyen dutse, ku yi masa addu'a ku ce wa iyayensa su wuce asibiti a ranar. Maganarku ta fi ta kowa shiga kunne.

Tun da martani ba ya cika sai da mafita, ga abin da nake nema. Ma'aikatar lafiya ta jihar Zamfara ta mayar da bayanan yaran da aka yi wa maganin dalma rajista mai rai, a bi su gida-gida kamar yadda ake bin allurar shan-inna, a duba karatunsu da ƙodarsu da hawan jininsu da hankalinsu. Asibitocin Anka da Bukkuyum da Gummi su sanya gwajin dalma cikin awon ciki ga matan ƙauyukan da abin ya shafa. Duk wadda aka yi wa aikin maƙoƙo a faɗa mata, a faɗa wa mijinta, alamomin faɗuwar kalsiyam kafin a sallame ta. Jami'o'inmu na Sakkwato da Gusau da Zariya su ɗauki bibiyar waɗannan matasa a matsayin aikinsu, kamar yadda masanan Dunedin suka bi nasu kusan shekara arba'in. Sarakunanmu da hakimai, waɗanda suka tsaya tsayin daka aka fitar da injinan niƙan dutse daga cikin gari, su sake tsayawa don kada su dawo.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, Malam. Na san kishin yaran nan ne ya sa ka yi rubutu, ni ma shi ya sa na amsa. Amma su ba su zaɓi tsakar gidan da aka ajiye su ba. Manya ne suka kawo dutsen don neman abin sawa a baki, hukuma ta yi jinkiri, su kuma suka lashi ƙurar. Gobe idan ka bi ta tasha ka ga saurayin nan yana magana da wanda ba ka gani, kafin ka sa masa suna ka nemi wanda ya san shi, ka tambaya ɗan wane gari ne, a wace shekara aka haife shi. Idan aka ce maka Dareta ko 'Yargalma ko Bagega, to ka san bashi yake bin mu, kuma biyan farko shi ne a kama hannunsa a kai shi wurin wanda zai duba jininsa.